Yadda Ake Raɗa wa Muƙaloli Suna Idan Wasan Kwaikwayo Ɗaya Ya Zama Littafi Kuma Ya Zama Fim

Kusan duk sabon mai rubutu a Wikipedia ta Hausa da na gani a nan Katsina, in ya zo kan wasan kwaikwayo wuri ɗaya yake yin tuntuɓe. Zai buɗe shafi ya sa masa suna Kulɓa Na Ɓarna, ya fara da cewa Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda aka fi sani da Kasagi, shi ya rubuta shi, kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga a 1979. To, madalla. Layi na uku kuma sai ka tarar ya koma yana maganar Brendan Shehu, wanda ya ba da umarnin fim ɗin wasan, da Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da shekarar 1992. Mai karatu ya rasa inda aka dosa: littafi ake gaya masa ko fim? Ayyuka biyu ne, hannu biyu, shekara 13 tsakaninsu, an cusa su cikin shafi ɗaya.

Ba zan tsaya kan buɗe asusu ko yadda ake saka madogara ba. Wanda bai iya waɗannan ba, bai kai ga wannan aikin ba tukuna.

Da farko ka ajiye wayar, ka ɗauki takarda da biro. Na san za a ce tsohon yayi ne, amma datar da za ka ƙona kana buɗe shafuka kana rufewa ta fi kuɗin takardar nesa ba kusa ba. Rubuta sunan wasan a sama, sannan a ƙarƙashinsa ka jera duk wata siga da ya taɓa fitowa a cikinta. Gaban kowace ka amsa tambaya uku: wa ya yi, a wace shekara, kuma ta wace hanya ta isa ga jama'a, ta bugu ko dandamali ko rediyo ko majigi. Ɗauki Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, shi ya rubuta labarin, ya shiga gasar Hukumar Talifi ta Zariya ta 1933. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, aka buga a 1975. Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Ka ga layi huɗu ke nan a takardarka, kuma tun yanzu ka gane cewa wasan kwaikwayon ba shi ne uwa ba, shi ma ɗa ne. Wannan jerin ne zai hana ka rubuta cewa Tafawa Ɓalewa ya rubuta wasan kwaikwayo, kuskuren da na sha karantawa.

Ba kullum littafi ke riga sauran fitowa ba. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, a rediyo aka fara jin su kafin a kai su maɗaba'a. Saboda haka kada ka ɗauka duk abin da ke da bango shi ne asali. Shekara ce za ta raba gardama.

Mataki na biyu shi ne tace jerin, domin ba kowane layi ne ya cancanci muƙala tasa ba. Ƙa'idata ita ce: in wani hannu ya sake gina aikin, ya sauya masa siga, kuma akwai waɗanda ba su da hannu a cikinsa da suka yi rubutu a kansa, a ba shi shafinsa. In kuwa sake nunawa ne kawai, ya zauna a matsayin sashe cikin muƙalar asali. 'Yan makaranta a Daura kan yi wasan Bayajida da macijin rijiyar Kusugu ranar bikin raba kyaututtuka, iyaye su yi tafi, a ɗauki hotuna. Abu ne mai kyau, amma ba a buɗe wa kowane irin wannan shafi a kundin sani. Haka nan fim ɗin Shaihu Umar da aka gyara aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018: fim ɗin 1976 ne dai, an wanke shi an sabunta. Wurinsa wani sashe ne cikin muƙalar fim ɗin, mai taken gyara da sake nunawa. Fassara ce ke da ɗan wuya. Ni a ganina fassarar Hiskett sakin layi ɗaya ya ishe ta a muƙalar littafin. Daren Sha Biyu kuwa, fassarar da Ibrahim Yaro Yahaya ya yi wa wasan Shakespeare a 1971, ta cancanci shafinta a Wikipedia ta Hausa, tunda ita ɗalibanmu suka karanta, ita kuma masana adabin Hausa suke nazari. Wani zai ce son kai ne. To, a bar ni da shi.

Yanzu ga inda aikin yake: sunan.

Tambaya ta farko, wa zai riƙe sunan tsura, wanda babu komai a gabansa? Shafi ɗaya tak ke iya ɗaukar suna ɗaya, manhajar ba ta yarda da biyu. Sababbi sukan ba wa wanda suka fara rubutawa, wato in fim ɗin suka fara fassarowa, shi ke nan ya zama Shaihu Umar, littafin kuma in ya zo daga baya ya rasa masauki. Ni abin da nake bi, aikin asali shi ke da sunan tsura, sauran su ɗauki bayani cikin baka. Sai ya zama Shaihu Umar na littafin ne, sannan Shaihu Umar (wasan kwaikwayo), sannan Shaihu Umar (fim). A wancan ɓangaren kuma Kulɓa Na Ɓarna na wasan Kasagi ne, Kulɓa Na Ɓarna (fim) na 1992. Kamar gida ne: mai gida ake kira da sunan gidan, 'ya'ya kuwa sai an ƙara da wane na gidan wane. Akwai lokacin da ɗan ya fi uban shahara har mutane suka manta da uban, a nan ana iya juya lamarin, amma kada ka yanke wannan hukunci kai kaɗai da tsakar dare. Ka rubuta a shafin tattaunawa, ka jira a tanka.

Abin da ke cikin bakan ya zama gajere, kuma da Hausa. Fim, littafi, wasan kwaikwayo, shirin rediyo, shirin talabijin. Shi ke nan. Na ga wanda ya rubuta sunan mai ba da umarni da kamfani da gari duk a cikin baka, sunan shafi ya kusa cika layi biyu a waya. Wa zai iya buga wannan a wurin nema? Shekara ma ba ta shiga sai in akwai abu biyu iri ɗaya. In fim ɗaya ne kawai aka taɓa yi, kalmar fim ta wadatar. Ranar da wani a Kannywood ya sake yin fim ɗin Shaihu Umar, misali, sai a koma a rubuta fim na 1976, sabon kuma a sa masa tasa shekarar. Kafin wannan rana, ka bar shekara ta huta a cikin muƙala. Kuma ka tsaya kan kalma ɗaya. Kada yau ka rubuta wasan kwaikwayo, gobe wasa, jibi dirama. Ni wasan kwaikwayo nake sawa, ko da ya fi tsawo, domin wasa kaɗai na iya zama ƙwallo ko dambe ko langa.

Sai haruffa masu ƙugiya, waɗanda su ne suka fi haifar da tagwayen shafuka. Ga yadda abin ke faruwa. Yarinya na zaune da wayarta, ta buga Kulba na Barna a wurin nema, babu ƙugiya a kan b ko ɗaya. Manhaja ta nuna mata jan rubutu cewa babu shafi mai wannan suna, tana so ta ƙirƙira? Ita kuwa murna ta kama ta, ta samu gurbi, ta danna, ta kwashe awa biyu tana rubutu. Alhali muƙalar na nan da ɓ da Ɓ ɗinta tun bara. A wurin manhaja b da ɓ haruffa ne daban, haka kuma babban baƙi da ƙarami in ba a farkon suna ba: Na da na ba ɗaya ba ne. Don haka kafin ka ƙirƙiri komai, ka nemi sunan ta kowace fuska, da ƙugiya da babu, da manyan baƙaƙe da ƙanana, da Shaihu da Shehu. Ainihin sunan shafi a rubuta shi da ƙugiyarsa yadda ƙa'idar rubutun Hausa ta tanada. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, kyauta ne, babu uzuri. Sauran rubuce-rubucen kuma duk ka mai da su shafukan turawa, wato shafukan da ke tura mai nema zuwa wani shafi, yadda duk wanda ya buga su zai faɗo kan na gaskiya. Game da Shaihu da Shehu, ka bi abin da ke jikin bangon littafin ko farkon fim ɗin, ba yadda bakinka ya saba ba. Mu nan mun fi cewa Shehu, amma Shaihu aka buga.

To, in ka tarar an riga an yi ɓarnar fa, fim ya zauna a kan sunan tsura? Nan ne gaggawa ke kashe aiki. Abin da sababbi ke yi shi ne su kwafe rubutun duka, su buɗe sabon shafi su liƙa, su goge tsohon. Kada ka kuskura. Kowane shafi yana da tarihinsa, inda aka rubuta wanda ya sa kowane layi da ranar da ya sa, kuma lasisin da Wikipedia ke aiki da shi ya wajabta a ambaci masu rubutu. In ka kwafe ka liƙa, ka shafe sunayen mutane ka ɗora naka a kan guminsu, kuma sai mai gudanarwa, wato ɗaya daga cikin masu kula da Wikipedia, ya zo ya ɓata lokacinsa yana haɗa tarihin. Akwai maɓallin gusar da shafi, shi za ka danna, ka rubuta sabon suna da dalili a taƙaice. Shafin zai tashi da tarihinsa gaba ɗaya, ya bar turawa a tsohon wurin. Sabon asusu ba ya ganin wannan maɓalli sai ya kwana 4. In naka bai kai ba, ko kuma sunan da kake so wani shafi ya tare shi, ka roƙi mai gudanarwa. Bayan gusarwa ka duba jerin shafukan da ke nuni zuwa tsohon sunan, ka gyara su ɗaya bayan ɗaya, don kada muƙalar Adamu Halilu ta riƙa kai mutane kan littafi alhali fim take nufi. Aiki ne mai gundura, kuma ya fi sauƙi a kwamfuta. In za ka iya aron ta wani na awa guda, ka ara.

A saman muƙalar asali ka sa layi ɗaya da ke cewa wannan a kan littafin ne, mai neman fim ɗin 1976 ko wasan kwaikwayon ya bi nan. In sigogin ba su wuce biyu ko uku ba, wannan layin ya isa. Shafi na musamman na warware ruɗani sai sun yi yawa, ko kuma sunan ya haɗu da na mutane, kamar yadda Shehu Umar zai iya zama sunan malamai da sarakuna da dama.

A Wikidata kuma, rumbun bayanan da ke haɗa muƙalolin Wikipedia na harsuna daban-daban, kowace siga da lambarta. Littafi daban, wasa daban, fim daban, sannan a cikin bayanan fim ɗin a nuna cewa daga littafin aka ɗauko shi. Masu amfani da manhajar fassara su kula sosai a nan, domin tana ɗaura sabon shafinka kai tsaye a kan lambar muƙalar da ka fassaro. In muƙalar fim ka fassaro daga Ingilishi, sannan ka cika ta da bayanin littafi, to akwatin bayanan da ke gefe zai ci gaba da nuna mai ba da umarni da shekarar fim, rubutunka kuma yana maganar wani abu dabam.

Sauran ba su da wuya. Jimlar farko ta kowace muƙala ta faɗi sigarta da mai ita da shekararta da inda aka ɗauko ta. Labarin a ba da shi cikakke a muƙalar asali kawai, a sauran a taƙaita, a fi ba da ƙarfi ga abin da aka sauya, aka rage ko aka ƙara. 'Yan wasa a muƙalar fim ko ta dandamali, taurarin labari a ta littafi. Rukuni kuwa kowa nasa: fim ya shiga rukunin fina-finan Hausa da na shekararsa, wasa ya shiga na wasannin kwaikwayo, kada a zuba su duka a rukunin littattafai don suna ɗaya gare su. Hoton bangon littafi ko fastar fim kada ka ɗauko daga Facebook ka ɗora, suna da masu haƙƙinsu, goge shi za a yi. In ka gama, ka fita daga asusunka, ka buga sunan a waya ba tare da ƙugiya ba, ka ga ko zai kai ka inda ya kamata.