Yadda ake cajin motar lantarki wadda ba Tesla ba a tashoshin Tesla a Amurka

Tun ƙarshen watan Fabrairun 2024 masu motocin lantarki na Ford suka samu izinin shiga tashoshin caji mai sauri na Tesla, waɗanda ake kira Supercharger. Rivian ta biyo baya a watan Maris, General Motors (GM) a Satumba, sannan Hyundai da Kia a 2025. 'Yan uwanmu masu tuƙa Uber da Lyft a New York da sauran birane sun fi kowa murna, domin a wajensu minti talatin a layin caja kuɗi ne ya tafi. Sai dai da yawa sun ɗauka da an ce "an buɗe" shi ke nan, mutum ya je ya soka waya ya zauna yana jin rediyo. Na sha ganin sababbin shiga suna zagaya mota da igiyar caji a hannu, suna ja, tana ƙin kaiwa, ga masu Tesla a baya sun ƙura musu ido. Don su na rubuta wannan. Ba zan tsaya bayanin yadda ake sauke manhaja ko saka katin banki ba, wanda ya iya karɓar fasinja ta waya ya wuce nan.

Fara da sanin bakin cajin motarka

Buɗe murfin wurin caji ka duba. In ka ga zagayayyen baki a sama da manyan ramuka biyu a ƙasa, CCS ke nan, kuma shi ne a yawancin motocin da ba Tesla ba da aka sayar a Amurka kafin 2025. Na Tesla ƙarami ne siriri, ana ce masa NACS tun da kamfanin ya saki zanensa ga kowa a Nuwamban 2022. Wasu sababbin motoci, irin su Hyundai Ioniq 5 ƙirar 2025, da bakin NACS suke fitowa daga masana'anta, su a tashar Tesla ba ruwansu da adafta, wato mahaɗin da mai CCS ke sa wa igiyar Tesla don ta shiga bakin motarsa. Mai tsohuwar Nissan Leaf kuwa, wadda bakinta na sauri CHAdeMO ne, ya haƙura, wannan hanyar ba tasa ba ce.

Adafta iri biyu ce, kuma a ido kusan kamarsu ɗaya. Akwai ta ƙaramin caji, wadda ake amfani da ita a cajojin Tesla na otal da gidajen abinci inda mota ke kwana tana sha a hankali. Akwai ta caji mai sauri, mai nauyi, wadda ɓangarenta na mota ke da manyan ramukan nan biyu na ƙasa. Ta farkon ba za ta yi maka komai a Supercharger ba, kuma ita ce mutane ke yawan saye saboda ta fi araha kuma an rubuta Tesla a tallarta. Ka sayi ta kamfanin motarka. Kuɗinta na kaiwa dala 200 zuwa sama kaɗan, na san da zafi, amma wutar da ke ratsa ta ba ta wasa ba ce, kuma in wani abu ya ƙone da adaftar da ba a san asalinta ba, garantin motar zai zama abin jayayya. Ni ba na aron adafta, ba na kuma bayarwa.

Ba kowace tashar Tesla ce taka ba

Tashoshin sun kasu uku. Akwai na Tesla zalla, galibi tsofaffin da ake kira V2 masu kilowat 150, waɗanda ba sa jin yaren motocin CCS ko da adafta mai kyau. Akwai waɗanda aka buɗe wa kamfanonin da suka yi yarjejeniya da Tesla, nan ne adaftarka ke aiki, kuma su ne suka fi yawa. Sai 'yan ƙalilan masu abin da ake kira Magic Dock, inda adaftar ke maƙale a jikin cajar, kowace mota mai CCS na iya amfani da ita.

Kada ka dogara da taswirar waya kawai, ita duk inda ta ga jan tambarin Tesla za ta kai ka. Shiga manhajar Tesla, ka saka irin motarka, ka nuna kana da adafta, sai ta fito maka da tashoshin da suka dace da kai kaɗai. Wadda ba ta fito ba, ko a ƙofar gidanka take, ba za ta ba ka wuta ba. Daga nan ka saka tashar a taswirar cikin motar, ba ta waya ba, don motocin da ke da tsarin ɗumama batir su fara shirya shi tun kana hanya. A lokacin sanyin Chicago ko Minnesota, batir mai sanyi na iya karɓar ƙasa da rabin abin da ya saba, kai kuma ka zauna kana zagin caja alhali laifin ba nata ba ne.

Fakin, inda ake shan kunya

A nan zan daɗe, domin nan ne abin ke lalacewa.

Duk motocin Tesla bakin cajinsu na baya ne ta hagu, gefen direba. Don haka aka gina tashoshin: mota ta shigo da ribas, gindinta ya matso kusa da cajar, gajeriyar igiya ta kai. Igiyar cajojin V3, waɗanda suka biyo bayan V2, kimanin mita 2 ce kacal, mai kauri, ba ta lanƙwasa yadda kake so. Ba a yi ta don ta zagaya mota ba.

Yanzu ka tsaya kana fuskantar layin cajojin. A yawancin tashoshi, igiyar kowane gurbi na sauka ne ta hannun damanka. In motarka Polestar 2 ce ko Volvo XC40 ta lantarki, bakinta baya ta hagu yake kamar na Tesla, sai ka yi ribas ka shiga kamar kowa, Allah ya hutar da kai. Amma in Mustang Mach-E ce, ko F-150 Lightning, ko Chevy Bolt, ko Rivian R1, bakin na gaba ne ta hagu. Dole ka shiga da goshi, kuma da ka shiga za ka tarar bakin ya faɗo ta hagun gurbin, igiyarka kuwa tana dama. Haka ma mai Ioniq 5 ko Volkswagen ID.4, nasu na baya ne ta dama, in sun yi ribas shi ma hagu yake komawa. Ma'ana igiyar da za ta kai gare ka ta gurbin maƙwabcinka na hagu ce, ba taka ba. Ka tare gurbi ɗaya da jikin mota, ka kashe wani da ɗaukar igiyarsa. Mutum ɗaya, gurbi biyu.

Tesla da kanta ta san da haka, ta kuma ce ana iya ɗan haura layi in babu makawa, amma kada a gicciya mota. Abin da nake yi, kuma nake gaya wa kowa ya yi: nemi cajar da ke can ƙarshen layi ta dama. In akwai fili ko gurbin fakin na gama-gari a gefenta, ka tsaya a can ka jawo igiyarta, ba ka tare wa kowa komai ba. In tashar na da gurbin da ake shiga a fice ta gaba, wanda aka yi don masu jan tirela, shi ma yana warware matsalar, sai dai ka bar shi in ka ga mai tirela na jira. In kuwa sabuwar V4 ce mai doguwar igiya, kimanin mita 3, to duk wannan lissafin ya ragu sosai.

Kuma ka matsa sosai. Masu manyan motoci irin Lightning na tsoron buga cajar, sai su tsaya da nisa, su fito su ga igiyar ta gaza da tafin hannu guda, su koma su sake tayar da mota. Kunna kyamarar gaba, ka shiga a hankali har taya ta taɓa dakalin tsayawa. Kada ka ja igiya ta miƙe ƙam kamar za ta tsinke. In ta kai da ƙyar, nauyinta da na adaftar na danne bakin cajin ta gefe, haɗin ya ƙi zama daidai, cajin ya yi ta yankewa. Igiyar ƙari da ake tallatawa a intanet kuwa, ka manta da ita.

In tashar ta cika maƙil, mota na fita wata na shiga, ni dai wucewa nake yi in nemi wata. Jiran gurbi biyu a jere su buɗe lokaci ɗaya, ga mutum biyar a bayanka, ba ya ƙarewa da daɗi.

Ga ƙaramin abin da ke biyo bayan wannan, wanda ya fi komai ɓata wa sababbi lokaci. Kowace caja na da lamba a ƙasanta, irin 1A, 2B, 3C. Manhaja za ta tambaye ka wacce kake. Lambar da za ka zaɓa ita ce ta cajar da igiyarta ke hannunka, ba ta gurbin da motarka ke tsaye ba. Na ga mutum ya danna lambar da ke gaban gilashinsa sau uku, yana cewa katinsa ne aka toshe, har ya kira banki, alhali cajar da ya buɗe na tsaye da igiyarta a rataye. Bi igiyar da ido har gindinta, ka durƙusa in ya kama, ka karanta lambar.

Haɗawa

Adafta a kan igiya tukuna, sannan a mota. Ciro igiyar, tura ta cikin adaftar har ka ji ƙas, ka ɗan ja ka tabbata ta kama. Sai ka ɗauki su biyun da hannu biyu ka tura cikin motar a miƙe, har makullin sama ya faɗa. Ka ɗan tallafe ta na wasu daƙiƙu har motar ta kulle ta, musamman in igiyar a miƙe take. Maɓallin da ke kan hannun igiyar na buɗe murfin Tesla ne, naka ba zai ji shi ba, kada ka yi ta dannawa.

A tashar Magic Dock, ka zaɓi lambar a manhaja tukuna, sannan ka tura hannun igiyar ciki kaɗan kafin ka ja, sai ta fito da adaftar a kanta. In ka fizge kai tsaye, tsirara za ta fito.

Wasu motoci, kamar na Ford da Rivian, da ka soka suke gane juna da cajar, a cire kuɗi ta asusunka na kamfanin motar ba sai ka taɓa waya ba. Yana da daɗi, amma ga batun kuɗi: wanda ba mai Tesla ba ana caje shi farashi mafi tsada a kowane kilowat-awa, sai in ya biya kuɗin zama mamba na wata, dala 12.99. Mai cajin gida da ke fita tafiya sau ɗaya a shekara ba ya buƙata. Direban haya da ke caji a waje kullum, cikin 'yan kwanaki ya mayar da kuɗinsa. In ka biya, ka riƙa tayar da cajin ta manhajar Tesla don kada rangwamen ya wuce ka. Tashoshi da yawa kuma farashinsu na sauka da tsakar dare, manhajar na nuna jadawalin.

Kada ka yi mamakin saurin da ka gani

An rubuta wa caja kilowat 250 ba ya nufin za ka samu 250. Tsohuwar Chevy Bolt ba ta wuce 55 ko a wace caja ka kai ta. Motoci masu batir na volt 800, irin Ioniq 5 da Kia EV6, su ne ma ke cutuwa: cajojin V3 an yi su ne don batir na kusan volt 400, sai motar ta samu kusan rabin abin da take ja a cajar wani kamfanin caji, Electrify America, mai kilowat 350, inda Hyundai ke cewa tana tashi daga kashi 10 zuwa 80 cikin minti 18. Mai irin wannan motar, in duka biyun na kusa kuma babu layi, ya tafi wancan. Amfanin Tesla a wajensa yawan gurabe ne, ba gudu ba.

Ka tsaya a kashi 80. Daga nan caji kamar motar haya ne a tasha, kujerun farko nan da nan suke cika, amma "saura mutum ɗaya" sai ya cinye maka awa. A tashoshi masu cunkoso ma akwai ƙarin kuɗi ga wanda ya zarce yana tare wuri.

Cirewa

Tsayar da cajin a manhaja ko a allon mota, buɗe ƙofofi in motarka na kulle igiya, danna makullin adaftar, zaro su tare. Sannan ka raba igiyar da adaftar, ka mayar da igiyar mazauninta. Jikin adaftar kan yi ɗumi, ba komai, sai in ka ga baƙi ko narkewa a ramukan, to ka daina amfani da ita. Ka jefa ta cikin mota kafin ka yi komai, mutane na ɗora ta kan cajar su tafi.

Kuma ka tashi da wuri. In caji ya ƙare ka bar mota a maƙale a tashar da ke da cunkoso, ana cin tara duk minti, sai dai in ka janye cikin minti biyar. In za ka shiga kanti ko ka tsaya salla, ka duba manhaja ka ga mintunan da suka rage kafin ka yi nisa. Kuɗin da za ka ga an riƙe a katinka tun farko ba shi ne kuɗin cajin ba, ajiyar wucin gadi ce da banki ke sakewa bayan 'yan kwanaki, shi ya sa katin bashi ya fi katin albashi dacewa da wannan aikin.