Karanta hayaƙin daji a hoton tauraron ɗan adam: inda aka fi tafka kuskure

Da zarar hunturu ya shigo sai hotunan sama su cika gurup-gurup ɗinmu na WhatsApp nan Agege da Mile 12, wani ya turo taswirar Najeriya duk jajayen ɗigo ya rubuta wai Arewa ta kama da wuta, hayaƙin ne ya rufe Legas. Hoton kam ba ƙarya ba ne, karatun da ake masa ne ke da gyara.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar ƙura a matsayin hayaƙi. Hazon nan da ke ɓoye gadar Third Mainland da safe yawancinsa ƙurar Sahara ce, da yawa daga ƙwarin Bodele na arewacin Chadi, iskar arewa maso gabas ke kwaso ta. Buɗe NASA Worldview, shafin hotunan tauraron ɗan adam na hukumar sararin samaniyar Amurka, kyauta ne, ka duba launi. Ƙura ruwan ƙasa ce mai haske, hayaƙi kuwa toka-toka ne da ɗan shuɗi kuma sau da yawa za ka iya bin jelarsa har inda ya taso, gajimare shi fari ne fat. Sai dai fa a hunturu su biyun cakuɗewa suke, don lokacin ne manoma da mafarauta ke cinna wa daji wuta, to kar ka yanke hukunci da hoton rana ɗaya, ja kwanan wata baya ka ga ta ina abin ya biyo.

Su kuma jajayen ɗigon na FIRMS, wato taswirar gobara ta NASA, ba girman wuta suke nunawa ba. A na'urar MODIS da ke jikin tauraron, ɗigo ɗaya na nufin an ji zafi wani wuri a cikin fili mai faɗin kilomita 1, a ɗaya na'urar mai suna VIIRS mita 375, wutar kanta ƙila ba ta wuce karan gona ɗaya da aka tara aka ƙona ba. In ka ƙanƙanta taswirar sai ɗigon su hau kan juna ka ga kamar Binuwai gaba ɗaya ta babbake. Matso da ita kusa kawai. Kuma wasu na Neja Delta da ba sa gusawa rani da damina ba gobara ba ce, iskar gas ce da ake ƙonawa a wuraren haƙar mai.

Lokaci ma ana mantawa da shi. Tauraron Suomi NPP, mai ɗauke da VIIRS, wajen ƙarfe 1:30 na rana yake wucewa, wutar da aka kunna bayan la'asar ba za ta fito a wannan hoton ba, in gajimare ya rufe ma ba ya ganin komai. Mai son ganin tafiyar hayaƙi ya nemi hotunan tauraron Meteosat, duk minti 10 zuwa 15 yake ɗauka. Agogonsu UTC ne, wato GMT, ƙara awa ɗaya ka samu lokacin Najeriya.

Wanda ya fi damuna shi ne a ga hayaƙi saman gari a ce shi muke shaƙa. Tauraron daga sama yake leƙowa, hoton bai gaya maka ko hayaƙin na ƙasa ko yana can kilomitoci a sama. A Yunin 2023 hayaƙin gobarar Kanada ya sauko ƙasa ya mai da sararin New York ruwan lemo har mutane suka koma sa takunkumi, amma da ya tsallaka Tekun Atlantika ya isa Turai yawancinsa a can sama ya tsaya. Mu nan bakin teku abin ya ma fi rikitarwa, da yamma iskar teku na kaɗowa ta ƙasa alhali ta hunturu na bi ta sama wani ɓangare daban, shi ya sa in za ka duba iska a manhajar yanayi ta Windy kar ka tsaya kan ta ƙasa kaɗai, sauya tsayin ka gani.

In mai asma gare ka a gida, ma'aunin PM2.5 na ƙasa, wato na ƙananan ɓurɓushin ƙura da hayaƙi da ke cikin iskar da muke shaƙa, za ka nema. Hayaƙin janareto da na danfo da tayar da ake ƙonawa bayan layi da ƙyar suke fitowa a irin waɗannan hotuna, sai dai babbar wuta irin ta bolar Olusosun a Ojota cikin Maris 2018, alhali waɗannan ƙananan hayaƙin ne ke shiga ƙirjin yara kullum.