Babi na Bakwai: Neman Tallafi don Tara Ruwan Sama

A yawancin garuruwanmu, daga Katsina zuwa Maraɗi da Tawa, damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, kuma ruwa mai yawa yakan gudu a kan fako ya bi kwari cikin ɗan lokaci, ya tafi da ƙasar gona. Akwai hukumomin da ke ba da kuɗi domin a tsayar da wannan ruwa. Wannan darasi zai nuna abin da ƙungiyar gari za ta shirya kafin ta nemi kuɗin.

Tallafi ne ko rance?

Tallafi kuɗi ne da ba a mayarwa, amma dole a kashe shi a kan aikin da aka rubuta, a kuma kawo rasit. Rance kuwa ana biyansa. Wajibi ne a tambayi jami'i tun ranar farko wanne ne ya kawo, domin shiri ɗaya yana iya ƙunsar duka biyun. A Nijeriya akwai shirin gyaran ƙasa da ruwa mai suna ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a 2021 domin jihohin arewa 19 da Abuja, kuma a cikinsa akwai asusun rance mai zagayawa wanda manoma suke biya domin wasu su samu. Akwai kuma shirin ƙananan tallafi na GEF, wato asusun kula da muhalli na duniya, wanda hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya take gudanarwa tun 1992, kuma ya yi shekaru da dama yana ba ƙungiya ɗaya abin da bai wuce dala 50,000 ba. Irin wannan kuɗi ƙungiya mai rajista ake ba wa, mai shugaba da magatakarda da ma'aji da asusun banki da sunanta. Duk wanda ya zo yana sayar da fom, yana alkawarin cewa kuɗi zai fito cikin mako biyu, a yi hattara da shi.

Auna ruwan kafin a rubuta takarda

Masu ba da tallafi sun saba karanta cewa gari yana fama da ƙarancin ruwa, saboda haka wannan magana kaɗai ba ta isa ba. Lissafi suke nema, kuma lissafin ba shi da wuya. Milimita 1 na ruwan sama a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1 yana ba da lita 1. Idan rufin kwano yana da tsawon mita 6 da faɗin mita 5, girmansa murabba'in mita 30 ne. A garin da ake samun milimita 500 a shekara, lita 15,000 za su sauka a kansa. A cire kashi ɗaya cikin biyar saboda yoyon indararo da ruwan farko da ake zubarwa domin ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye, abin da zai saura shi ne lita 12,000, wato jarka 480 mai cin lita 25.

Gida mai mutum 8, idan kowa yana bukatar lita 5 a rana don sha da girki, zai ci lita 40 kullum. Tanki mai lita 10,000 da ya cika a ƙarshen damina zai kai su kwana 250, fiye da wata takwas. Sharaɗinsa shi ne a rufe shi sosai saboda sauro da yara, kuma kada a ɗebi ruwan wanki ko na dabbobi daga ciki.

Tassa da rabin wata

A ganina, inda gonaki suka zama fako, kuɗin tallafi ya fi yin nisa a gona fiye da a tankin siminti. Tassa ramuka ne masu faɗin santimita 20 zuwa 30, da zurfi kusan haka, ana haƙa su da rani, a tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare, a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu. Gara takan zo cin takin, ta huda ƙasa, sai ruwa ya samu hanyar nutsewa. Rabin wata kuwa rami ne mai siffar rabin da'ira, ya fi tassa girma, faɗinsa yakan kai mita 4, bakinsa yana fuskantar inda ruwa yake gangarowa, kuma kadada ɗaya tana ɗaukar kimanin 300. A 1989 wani shiri na IFAD, asusun bunƙasa noma na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kai wasu manoman Illela ta jihar Tawa zuwa Yatenga a Burkina Faso, yankin Yakuba Sawadogo, manomin da ya yi suna a haƙa irin waɗannan ramuka, suka ga yadda aka inganta waɗannan ramuka. Da suka dawo suka gwada, maƙwabta suka ga gero ya tsaya a inda da ko ciyawa ba ta fita, har aka fara sayen fako da kuɗi domin a gyara shi. Abin da irin wannan aiki yake bukata daga mai tallafi shi ne diga da shebur da baro, da kuɗin jigilar taki, da ladan masu haƙa.

Filin wa, kuma wa zai gyara?

Nan ne ayyuka da yawa suke lalacewa. Fakon da ba wanda ya kula da shi yakan samu masu shi da yawa da zarar ya fara ba da amfani. Saboda haka a rubuta yarjejeniya tun kafin a sa diga, a gaban mai unguwa da dagaci, ko a gaban hukumar filaye ta gari da ake kira COFOB a Nijar. Idan filin yana kusa da burtali ko mashaya, a kira Fulani da Buzaye makiyaya su zauna a taron, domin su ma da wannan ruwa suke rayuwa. Mata kuma su shiga kwamiti, tunda su da yara ne suka san nisan rijiya da yawan jarkar da gida yake ci.

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙungiya ta rubuta abin da za ta kawo da kanta, kamar yashi da duwatsu da kwanakin gayya, ta sa musu farashi a cikin kasafi. Ta kuma bayyana yadda za a yi gyara, domin tallafi yakan ƙare da kammala gini, alhali indararo zai tsage, famfo zai lalace, rabin wata kuma zai cike da yashi. A faɗi nawa kowane gida zai zuba bayan kaka, da wanda zai riƙe littafin.

Aikin gida

Ka auna tsawo da faɗin rufin makarantar garinku ko na masallaci, ka tambayi malamin gona yawan ruwan da ake samu a yankinku a shekara, ka fitar da adadin lita da na jarka. Sannan ka rubuta jimla biyar da za ka karanta wa ajinku, masu nuna inda za a yi aikin, da mai filin, da abin da gari zai bayar, da abin da ake nema, da wanda zai kula da gyara.