Darasi na Tara: Kullen Annoba da Muhallinmu

Malami ya fara karantawa da ƙarfi, sannan ɗalibai su karɓa ɗaya bayan ɗaya.

Kowa a ajin nan ya ga kullen korona da idonsa. Cutar ta shigo Nijeriya a ƙarshen Fabrairu na 2020. Kafin Maris ya ƙare, Gwamnan Bauchi Bala Mohammed da kansa ya kamu. Aka rufe makarantu, aka hana tafiya daga jiha zuwa jiha. A watan Mayu, ana cikin azumi, aka kulle ƙananan hukumomin Katagum da Giade da Zaki na kwana 10. Mutumin Azare, hedikwatar Katagum, ba sai an ba shi labari ba.

A lokacin an yi ta cewa duniya ta samu hutu, jirage sun daina tashi, masana'antu sun tsaya, hayaƙi ya ragu. Haka ne, a manyan birane iska ta washe, amma ana buɗewa hayaƙin ya dawo. Mu kuwa a Bauchi da ma ba hayaƙin masana'anta ne ya dame mu ba. Tamu ɓarnar ta wata ƙofa ta shigo.

Mu fara da takunkumi. Shuɗin nan na asibiti, a ido kamar auduga yake, alhali roba ne, ɗan'uwan leda. Ba ya ruɓewa ko da ya shekara da shekaru a ƙasa. An yi ta yar da shi a tasha, a ƙofar banki, a bakin kasuwar Wunti da ta Muda Lawal. Ga safar hannu, ga robar man wanke hannu, ga ledar fiya wata da da ma ta ishe mu. Da ruwan farko ya sauka, duk sai ya kwashe su zuwa kwata. Kwata ta toshe, ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida, gindin katanga ya jiƙa. Dabbobi ma ba su tsira ba. Ku tambayi mahauci abin da yake tararwa a tumbin akuyar da ke kiwo a bola. Takan ci leda cikinta ya cika, ta daina cin abinci, ta rame a tsaye.

Sai shara. An hana mutane fita, amma tukunya ba ta daina hawa murhu ba. Gida ya cika, yara ba makaranta, shara ta ƙaru. Almajiran da ke kwashe wa gidaje shara an mayar da da yawansu garuruwansu, 'yan jari bola kuma sun rage yawo. Sai matan gida suka koma cinna wa shara wuta a tsakar gida ko a lungu. Hayaƙin leda guba ne, yana tayar da asma, yana sa tari. Abin takaici, cutar da aka ɓuya dominta ma huhu take kamawa.

Babbar asarar dai a daji aka yi ta, kuma a nan nake so mu ɗan tsaya. Mai shayi, ɗan dako, tela, mai tallan ƙosai a ƙofar makaranta, duk abin da suka samu yau shi za su ci yau. Ciniki ya tsaya. Wanda ke girki da gas ko kananzir ya koma gawayi saboda arha. Wanda ya rasa abin yi ya ɗauki gatari ya nufi daji. Ni ban ga laifinsa ƙwarai ba, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Amma ku dubi abin da ake sarewa. Kirya da marke su ne masu gawayi mai ƙarko, kuma ba sa girma da wuri. Idan sun yi wuyar samu, gatari ya kai ga kaɗanya da ɗorawa. Kaɗanya takan kai shekara 15 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya. A yini ɗaya za a kayar da ita, a turbuɗe, a cika 'yan buhuna, a cinye kuɗin kafin sati. Matar da ke samun man kaɗe da kalwar daddawa a jikin itatuwan nan duk shekara, ita aka yi wa asara. Ƙasar da ta rasa saiwa kuma ruwa ne ke tafiya da ita. Wanda ya taɓa ganin kwarin da ya ci gidaje a cikin garin Gombe ya san ma'anar zaizaya.

Yankari ma, gandun namun dajin nan da ke ƙaramar hukumar Alkaleri, tana cikin haɗari duk sa'ad da aka kulle hanya. Idan baƙi sun daina zuwa kallon giwaye da wanka a ruwan ɗumi na Wikki, kuɗin shiga ya ragu, ido ya ragu a daji, mafarauci kuma ya san haka.

To, idan Allah ya sake jarraba mu da wata annobar, me za a yi a gida? A ɗinka takunkumin yadi, a riƙa wanke shi da sabulu, a shanya a rana. Wanda ya sa na asibiti ya tsinke igiyoyinsa, don kada su sarƙe ƙafar kaza ko tsuntsu, ya ƙulle shi a leda kafin ya jefa a kwandon shara. A raba shara gida biyu: ɓawo da ragowar abinci da toka a zuba a rami su zama taki, leda da roba a tara a buhu har mai saye ya zo. Uwargida ta jiƙa wake kafin ta ɗora, ta rufe tukunya, ta kare murhu daga iska da laka. Icen kwana biyu sai ya yi uku. Mai neman itace ya sari reshe, ya bar gindi. Kafin damina maza su yashe kwatar ƙofar gida, idan bola ta fi ƙarfin unguwa a gaya wa mai unguwa ya kai kuka BASEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Bauchi.

Kalmomin da za a rubuta a allo: muhalli, annoba, takunkumi, zaizaya, gawayi.

Tambayoyi: Da me ake yin shuɗin takunkumi? Me ya sa aka fi sare kirya da marke? Wa ke asara idan an kayar da kaɗanya?

Lissafi: A ce gida yana da mutum 6, kowa yana yar da takunkumi 1 kullum. Nawa za su yar a kwana 30? Idan gidaje 50 ne a unguwar fa?

Aikin gida: Rubuta wa mai unguwarku wasiƙa ta layi biyar a kan wata kwata ko bola da ke damun ku. Fara da "Ranka ya daɗe", ka faɗi inda wurin yake, ka faɗi ranar da za ku iya fitowa aikin gayya.