Yadda ake sharhin fim ɗin kisa da aka shirya a filin wasan dodanni

Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, yi wa fim ɗin wannan tambaya: da za a ɗauke labarin daga filin wasan a kai shi dokar daji ko wani kangon gida, me zai canza? In amsar ita ce babu, to darakta ya yi asarar wurin da ya hayo, kuma rabin sharhinka ya samu ke nan. Ni a kan wannan tambaya nake ɗora duk sauran hukuncin, domin finafinan makashi mai rufaffiyar fuska da ke bin samari da 'yan mata da wuƙa sun yi yawa, kuma kusan duk ƙashin bayansu ɗaya ne. Wurin ne kaɗai sabon abin da wannan ya zo da shi.

Sai dai dole ka fara fahimtar da mai karatunka wane irin wuri ne, don ba abin da muka taso muna gani ba ne. A Amurka, idan watan Oktoba ya kama ana shirin bikin Halowin na ranar 31 ga wata, manyan filayen wasa masu lilo da jirage masu hawa da gangara sukan rikiɗe da daddare su koma gidajen tsoro. Filin wasa na Knott's Berry Farm da ke Buena Park a jihar Kalifoniya ya fara wannan tun 1973, kamfanin finafinai na Universal kuma ya fara nasa a Orlando ta jihar Fulorida a 1991. Mutum zai yanki tikiti da kuɗinsa, ya bi layi, ya shiga lungunan da aka gina cikin duhu, ma'aikata sanye da fuskokin roba da jinin ƙarya su riƙa faɗo masa daga ɓoye. Wasu har da zarto mai inji suke korar mutane, an dai cire masa sarƙa, ƙara ce kawai. A galibin wuraren doka ta hana ma'aikaci taɓa baƙo. Ka bayyana wannan cikin layi uku ko huɗu, kada ka mayar da sharhin darasin tarihi. Amma kada ka tsallake shi, don wanda bai san cewa ihu a wurin nan nishaɗi ne da aka biya ba, ba zai gane dalilin da ya sa ake kashe yarinya a gaban jama'a suna tafi ba.

Daga nan ka tantance wane iri ne a gabanka. Akwai fim ɗin da filin wasan nasa da gaske fatalwa ke cikinsa, an rufe shi shekaru bayan wani mummunan haɗari, ciyawa ta cinye lilon. Akwai kuma wanda fatalwar duk kwalliya ce, makashin ɗan Adam ne da ya saje da ma'aikata. Ma'auninsu daban. Na farkon kana duba ko ya kafa wa aljanunsa ƙa'ida ya tsaya a kanta. Na biyun kana duba ko abin da makashin ke yi mutum mai ƙafa biyu zai iya, ko kuwa ana ganinsa a bayan mutane, kafin a kifta ido ya ɓullo a gabansu ba tare da hanya ba.

Bari in ɗauki fim ɗin Hell Fest na 2018, wanda Gregory Plotkin ya ba da umarni, in nuna abin da nake nufi. Matasa shida ne suka je irin wannan biki. A cikin wani lungu, jarumar, Natalie, ta ga wani mai rufaffiyar fuska ya danne wata yarinya da makami a hannu, yarinyar na roƙon a cece ta. Natalie ta ɗauka wasa ne, har ta zuga shi ya yi abin da zai yi. Shi kuwa ya soke ta da gaske. Wannan fitowa ba za ta yiwu a daji ba, ba za ta yiwu a ɗakin kwanan ɗalibai ba, sai a inda ake sayar da tsoro. Haka ma lokacin da suka kai ƙara wurin mai gadi, ya ce ai abin da suka biya kuɗi a yi musu ke nan. Irin waɗannan wuraren su ne za ka tsaya a kansu, ka bayyana me ya sa suka yi aiki. A ganina fim ɗin ya ci wannan jarrabawa a rabinsa na farko, sannan ya koma zagaye daga wannan lungu zuwa wancan, kamar mai nuna maka kayan shagonsa alhali ka riga ka yi sayayya. Ka ga hukunci biyu a kan fim ɗaya, kuma dukansu daga tambayar wuri suka fito.

Batun kallon kansa: sau biyu ne. Na farko da daddare, fitila a kashe, abin saurare a kunne in a waya kake, ba tare da tsayarwa ba, ba biro ba takarda. Kana son ka ji abin da ɗan kallo zai ji. Na biyu da rana, kana tsayarwa kana rubuta mintin da kowane abu ya faru. Irin waɗannan finafinan ba sa wuce sa'a ɗaya da rabi da yawa, shi Hell Fest minti 89 ne, saboda haka ba wani aiki ba ne. Kuma don Allah kada ka yi sharhi daga kwafin da aka ɗora wa fassarar Hausa. Ina jin daɗin masu fassara kamar kowa, amma muryarsu tana hawa kan kiɗa da shirun da darakta ya tsara, barkwancinsu kuma yana kashe fargaba. In ita ka kalla, aikin mai fassara za ka auna.

Sauti shi ne inda ake gane mai gaskiya. Akwai razana, akwai fargaba. Razana ita ce a yi tsit, sai a buga ƙara kwatsam wani ya faɗo. Ko yaro ya laɓe bayan ƙofa zai iya yi maka wannan. Fargaba kuwa ita ce ka hango makashin tsaye can cikin taro, kyamara ba ta matsa kusa da shi ba, waɗanda yake bi suna ta dariyarsu, kai kaɗai ka sani. A kallo na biyu ka rage murya a wuraren da ka zabura. Wanda har yanzu ya sa cikinka ya ɗuri ruwa, hoton ne ya yi aiki, ka yaba wa mai ɗaukar hoto da mai tacewa. Wanda ya koma ba komai, lasifika ce ta tsorata ka. Fim ɗin filin wasa yana da wata matsala tasa a nan: ma'aikatan wurin suna ta faɗowa a kowane minti, don haka kafin makashin gaske ya iso, ɗan kallo ya gaji da zabura. Ka duba ko darakta ya san wannan ya bambanta fitowar makashin, ko da ta hanyar yin shiru a inda kowa ke ihu.

Makashin ba ya buƙatar dogon rubutu. Tun fim ɗin Halloween na John Carpenter a 1978 aka kafa samfurin: fuska a rufe, ba magana, ba gudu, tafiya kawai. Ka faɗi ko fuskar wannan za ta zauna a ƙwaƙwalwa, da ko rashin bayyana dalilinsa ya ƙara masa kwarjini ne ko kuwa lalacin marubuci ne.

Waɗanda ake kashewa su suka fi cancantar tawadarka. Bayan an gama, gwada kiran sunayensu da ka. In ba ka iya tuna fiye da ɗaya ba, fim ɗin bai sa ka damu da su ba, kuma kisan wanda ba ka damu da shi ba aikin mahauta ne kawai. Farfesa Carol Clover ta jami'ar Kalifoniya a Berkeley ta yi nazari a littafinta na 1992 kan yarinyar da ke saura ita kaɗai a ƙarshe ta fuskanci makashin, wadda galibi ita ce mai natsuwa da lura a cikin ƙawayenta. Tun minti goma na farko za ka gane ta. Abin tambaya shi ne ko wayonta ne ke fitar da ita ko sa'a. Ka kuma lura da yadda aka warware batun wayar salula da ƙofar fita, don wuri ne mai dubban mutane da masu gadi. In marubuci bai ba da dalilin da ya hana su ficewa ba, ka faɗa.

Kashe-kashen kuma, ma'aunina shi ne ko da kayan wurin aka yi su. A Hell Fest an yi amfani da gudumar wasan gwada ƙarfi, wadda ake bugawa don a kaɗa ƙararrawar da ke sama, wannan ya dace da filin wasa. Ka ambaci makamin, ka faɗi ko jinin na masu kwalliya ne ko na kwamfuta mai ƙyalli kamar fenti, amma kada ka zana yadda kai ya fashe, kuma kada ka faɗi wa aka kashe. Labarin ma ka tsaya da shi a inda matsala ta kunno, jimla uku ko huɗu. Ƙarshen fim ba naka ba ne ka bayar. In yana da kyau ko ya lalace, faɗi hakan kawai.

Abu ɗaya da mai karatun Hausa yake nema wanda masu sharhin Turai ba sa damuwa da shi: za a iya kunna shi a falo? Yawancin waɗannan finafinan suna ɗauke da alamar R a Amurka, wato ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga silima sai da babba. Harafin R shi kaɗai ba ya bambanta jini da tsiraici ko ashar, don haka kai ne za ka rarrabe: jini ne kawai, ko akwai shan giya da sumbace-sumbace da batsa a baki. Ka sa wannan a sama, kusa da hukuncinka, ba a can ƙasa inda sai an riga an sauke fim ɗin da data za a gani ba.

Shi hukuncin da shi za ka buɗe, a jimla ɗaya, tare da shekara da sunan darakta da tsawon fim. Maki bisa goma ba ya gaya wa kowa komai in ba a faɗi don wa ba. Nawa a kan Hell Fest zai ce: wanda bai saba da irin waɗannan finafinan ba zai sha zabura, tsohon ɗan kallo kuma zai ji daɗin ginin filin da hasken fitilunsa fiye da labarin, ba na yara ba ne, kuma a kalle shi da sautinsa na asali.