Kurakuran da muke yi wajen ɗana tarkon watch a kan ƙananan cip

Duk wanda ya taɓa kwana da allon Blue Pill mai cip ɗin STM32 da ST-Link, na'urar da ke haɗa shi da kwamfuta, yana neman wane layin kod ne ke lalata masa bariyebul, ya san darajar umarnin watch na GDB, manhajar da ake bin diddigin kurakuran kod da ita. Ka ɗana shi a kan adireshi, da zarar an taɓa wurin sai cip ya tsaya cak. Amma sau da yawa mutum ya ɗana bai kama komai ba sai ya ce allon ne jabu, alhali ba daga nan ba ne.

Fara da ƙirga. Tarkon nan a cikin cip yake, wani sashe ne da ake kira DWT, a Cortex-M3 da M4 iyakarsa 4, a M0 da M0+ irin na RP2040 kuwa 2 ne kacal. Abin haushin shi ne GDB zai karɓi na biyar bai ce uffan ba, sai ka buga continue sannan ya ce ya kasa sa shi. Duba da info watchpoints ka goge tsofaffin.

Sannan don Allah a riƙa karanta amsar da GDB ya bayar. In ka ga Hardware watchpoint to lafiya lau, in kuwa Watchpoint kawai ya rubuta babu Hardware a gaba, to ya koma bin kod ɗinka umarni ɗaya bayan ɗaya ta wayar SWD da ke haɗa cip da ST-Link, abin da ke gudu cikin sakan sai ka sha shayi ka dawo bai gama ba. Yawanci hakan na faruwa ne in kompaila ya ajiye bariyebul ɗin a rajista, ƙaramar ma'ajiyar cikin CPU, saboda zaɓin -O2 na inganta kod, tarko kuwa memori yake gadi ba rajista ba. Sake haɗawa da -O0 ko ka sa masa volatile na ɗan lokaci.

Wanda ya fi cin rai dai shi ne DMA, sashen da ke kwafar bayanai zuwa memori ba tare da CPU ba, ni kaina wallahi na yi kwana biyu a kansa. Ina da bafa, wato wurin ajiye saƙonnin da ke shigowa ta layin UART, mai baiti 64, a bayansa akwai wata lamba da nake ƙirga saƙonni da ita, kullum sai na tarar ta koma wata banzar lamba, na ɗana tarko shiru, na sake ɗanawa shiru, amma ina kallo da idona lambar ta canza. Ashe ni ne na ba DMA tsawon da ya wuce bafan yana zubowa a kan maƙwabciyarsa. DWT abin da kwakwalwar cip, wato CPU, ta rubuta kawai yake gani, DMA kuwa ta tasa hanyar yake shiga memori. In tarko ya yi shiru amma lamba na canzawa, buɗe fayil ɗin map mai nuna adireshin kowane bariyebul ka ga wa ke kusa da ita, ka duba CNDTR da CMAR, wato rajistocin tsawo da adireshin memori, na kowace tashar DMA.

Bariyebul na cikin fankshan kuma da an fita GDB yake cire tarkonsa, sai ka yi watch -l don ya riƙe adireshin kansa. Haka nan watch ba ya tsayawa in an rubuta lambar da ke wurin tun da, misali 0 a kan 0, nan awatch ake so, mai tsayawa duk lokacin da aka karanta ko aka rubuta wurin.

In tarkon ya kama kuma kar ka kama layin da ya nuna maka da faɗa, rubutun ya riga ya faru kafin cip ya tsaya, koma baya layi ɗaya ko biyu. Kuma in IWDG, agogon da ke sake tada cip in kod ya maƙale, a kunne yake, sa DBG_IWDG_STOP a rajistar DBGMCU tun farko, in ba haka ba kana cikin karanta backtrace, wato jerin fankshan ɗin da aka bi aka iso wurin, cip zai sake tashi daga farko.