Kafin ka canja giyar baya ta tsohuwar Land Rover, fara sanin aksul ɗin da ke ƙarƙashinta

Motar da na gada wurin kawuna Land Rover ce Series III, doguwar nan da ake kira 109, mai injin fetur lita biyu da kwata. A daji ba ta da laifi ko kaɗan. Amma da na hau kwalta da ita maleji ya doshi 80, sai inji ya kama kuka har na gefenka ba ya jin maganarka. Aka ba ni shawara in cire giyar aksul ɗinta, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin dama da hagu, in sa ta Range Rover ta farko, wadda ta fito a 1970. Na sayi guda biyu, ta gaba da ta baya, na kai gareji ina murna. Tsohon bakaniken da ke duba mini ita ya durƙusa ya leƙa, bai yi minti ɗaya ba ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya ce, "Ɗana, ta gaba za ta shiga. Ta baya kuwa ko kusa. Wannan Salisbury ce." Wato wani nau'in aksul ne daban da na Rover. Wanda ya sayar mini bai yarda ya karɓi kayansa ba. Abin da zan faɗa maka shi ne abin da ya kamata in yi tun kafin in zaro kuɗi daga aljihu, kuma bai wuce aikin awa guda ba.

Ka fara da sanin cewa takardar mota ba za ta gaya maka gaskiya ba. An daina ƙera Series III tun 1985, kuma motar da ta shekara arba'in tana yawo tsakanin gona da kasuwar ƙauye da wuya a ce ba a taɓa yi mata musanyen ƙafa ba. A ƙa'ida gajeriyar, 88, tana zuwa da aksul irin na Rover gaba da baya, ita kuma 109 ta Series III tana zuwa da Salisbury a baya. Amma na ga 109 da aka ɗora wa na Rover saboda shi aka samu a lokacin, na kuma ga gajeriya da wani ya ƙaƙaba wa Salisbury. Don haka shimfiɗa kwali, ɗauki tocila da tsumma da ɗan kalanzir, ka shiga ta baya.

Goge tulun da ke tsakiyar aksul ɗin sosai, domin ƙura da tsohon mai sukan daskare su rufe komai. Idan ka ga bayan tulun sumul ne, ƙulli guda kamar an kife ƙwarya an bi da walda, babu noti ko ɗaya a zagaye, to na Rover ne. Nasa notikan suna ta gaba, ɓangaren da farfela, sandar da ke kawo juyi daga giyabos, ke shiga, kuma in ka kwance su dukkan giyar kan fito ɗungurungum kamar an zare tukunya daga murhu. Idan kuwa ka ga marfi a baya wanda aka ɗaure da kusoshi a zagaye, tulun kuma ƙato ne na zubi mai kauri, da bututu biyu da aka cusa masa dama da hagu, to Salisbury ne, wanda ƙirarsa ta samo asali daga Dana 60 na Amurka. Kada ƙidaya ta ruɗe ka: na Rover noti goma ne, marfin Salisbury ma kusa goma ne. Inda suke zaune shi ne abin dubawa, gaba ko baya. Akwai na uku, ENV, da aka sa wa wasu masu ɗaukar tan guda da masu kai a gaba, amma ba kasafai za ka ci karo da shi ba.

Wannan bambanci ya fi ƙarfin kallo. Giyar Rover kowane bakanike mai natsuwa zai cire ya mayar a yini ɗaya. Salisbury ba a zare shi haka. Ana buɗe marfi ne, a ɗan buɗa bakin tulun da wani ƙarfe na musamman, sannan a fito da kayan ciki, kuma daidaita haƙoransa da siraran faranti aiki ne na wanda ya saba. Hancinsa ya fi tsawo, shi ya sa farfelarsa ta fi gajarta. In ka yi niyyar musanya aksul gaba ɗaya, lissafa kuɗin farfela a ciki.

Abu na biyu shi ne yawan juyi, wato sau nawa farfela ke juyawa kafin taya ta zagaya sau ɗaya. A nan ina roƙonka ka kula da ranka. Birkin hannu na Land Rover ba taya yake kamawa ba, wani ganga yake kamawa a bayan giyabos, a kan farfela. Ma'ana da zarar ka ɗaga tayar baya ɗaya, motar tana iya gangarawa ko da birkin hannu a ja. Tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, ka sa waigi gaba da bayan tayoyin da ke ƙasa, ka ɗaga taya ɗaya da jak, ka tokare aksul ɗin da abu mai ƙarfi. Ban yarda kowa ya kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita ba. Sannan ka saki birkin hannu, ka kai jan liban nan na ƙaramin giyabos tsakiya yadda farfela za ta sake.

Yi wa farfela alama da alli, ka yi wa taya. Sa wani ya juya tayar a hankali sau biyu cur, kai kana ƙirga farfela. Sau biyu, domin idan taya ɗaya tana ƙasa ƙananan giyoyin ciki suna raba juyin gida biyu. In farfela ta yi huɗu ta kusa cika na biyar, kana da 4.7, wanda shi ne na asalin Series. In ta yi uku da rabi da ɗan ɗigo, 3.54 ce, irin ta Range Rover da Land Rover 110. Ranar da giyar Rover ta zo hannunka a waje, ƙirga haƙora ya fi tabbas: babban faifai 47 da finiyan, ƙaramar giyar da ke juya shi, 10 shi ne 4.7, faifai 46 da finiyan 13 shi ne 3.54. Ni yanzu ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano nake ciniki sai na ɗiga alli a haƙori ɗaya na ƙirga da yatsa kafin a yi maganar kuɗi, kuma ban taɓa ganin ɗan kasuwar kirki ya ji haushin haka ba.

Ka auna gaba ma, kada ka ɗauka daidai suke. Dole juyin gaba da na baya su zo ɗaya. In ka sa 3.54 a baya ka bar 4.7 a gaba, ranar da ka danna ƙwallon nan mai ruwan ɗorawa ka shiga taya huɗu, aksul biyu za su riƙa ja-in-ja har wani abu ya karye.

Na uku, haƙoran shaf. Kwance kusoshi shida na murfin tsakiyar taya ka zaro shaf ɗin, ka ƙirga tsagar da ke bakinsa na ciki, wanda ke shiga giya. Na Rover a Series goma ne, masu kauri. Na Salisbury 24 ne. Wasu Series III na ƙarshe suna da 24 a bakin waje amma goma a ciki, don haka na ciki za ka ƙirga. Giyar Range Rover da Discovery ta shekarun baya-baya, daga wajen 1994, 24 take karɓa, shaf ɗinka mai goma ba zai shige ta ba duk da a ido kamanninsu ɗaya. Tunda shaf yana hannunka, duba tsagar da kyau. In ka ga sun fara murɗewa, ya kusa tsinkewa, ka nemi wani.

Akwai ƙaramin abu da ke ba mutane wahala. Duba inda ake zuba man giya. Wasu tsofaffin aksul ba su da ramin zuba mai a jikinsu, ramin yana jikin giyar ne. In ka ɗauko giyar da ba ta da rami ka ɗaura wa irin wannan aksul, ka gama aiki ba ka da ta inda za ka zuba man giyar EP90. Haka nan in makulli kake son sawa, wanda ke haɗe tayoyin biyu a laka ko rairayi, gaya wa mai sayarwa nau'in aksul, yawan tsaga da yawan juyi. A na Rover, faifan 4.7 yakan buƙaci zoben cike giɓi kafin ya zauna a kan cibiyar da aka yi don 3.54.

Sai kuma tambayar ko canjin ma ya dace da kai. Daga 4.7 zuwa 3.54 ƙarin gudu ne na kusan kashi ɗaya cikin uku ba tare da juyin inji ya ƙaru ba. Inji zai huta a kwalta, amma ƙarfin tashi zai ragu, kuma maleji zai nuna 60 alhali kana kusan 80. Ga doguwar mota mai injin dizal lita biyu da kwata, da buhunan masara a baya, ban ba da shawararsa ba. Ni da na auna aikin da tawa ke yi, sai na bar Salisbury ɗin da 4.7 ɗinsa, na canja masa mai da gaskit ɗin marfi, na nemi obadiraib, ƙarin giyar da ke hutar da inji a kwalta, na kamfanin Fairey na ɗaura a bayan giyabos. Giyoyin Range Rover ɗin kuma wani mai 88 ya saya, bayan mun shiga ƙarƙashin tasa tare mun ƙirga.